Sha'aban Ya-Kamata da Ragon Sunan Jumai

A cikin Hausawan da ke zaune a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, in ka ce kana neman Sha'aban sai a tambaye ka wanne, don su uku ne. Amma in ka ce Ya-Kamata, ko matar da ke share benen Tianxiu za ta nuna maka hawa na tara, ƙofa ta uku a hannun dama.

Mutumin Wudil ne. Mahaifinsa dillalin tumaki ne a kara, kuma tun Sha'aban yana ɗan shekara bakwai ake miƙa masa igiya ya riƙe duk ranar Juma'a. Ya iya buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa daga haƙora tun kafin ya iya rubuta sunansa da boko. Sai dai bai taɓa son sana'ar ba. Warin garke yana bin sa har aji, yara suna toshe hanci in ya shigo. Da ya tasa sai ya tattara ya nufi Kano, ya shekara goma sha ɗaya yana auna yadi a shagon wani Alhaji a Kantin Kwari, yana fesa turare safe da yamma kamar mai ramuwar gayya.

A shekarar 2004 Alhajin ya gaji da yadda kaya suke iso masa da launin da bai zaɓa ba, ya tura Sha'aban ƙasar Sin ya je ya gani da idonsa. Mako uku aka yanka masa. Bai koma ba sai da Sallah, kuma da Sallah ta wuce ya sake dawowa. A hankali ya zama ɗan jagora. Shi ne zai tarbi baƙo a filin jirgi, ya bi da shi manyan kantunan tufafi na Guangyuan Xilu, gobe da sassafe su faɗa kasuwar Shahe, ya zazzage dila ya duba ɗinki, ya tsaya a kan masu ɗaure kwali har a rufe kwantena. Matarsa Lami da 'ya'yansu uku suna Gyaɗi-Gyaɗi, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. Sinancinsa na kasuwa ne zalla: gaisuwa, godiya, lauban wato maigida, da meyo wato babu. Sauran kuma da hannu da fuska.

A aikinsa ba a taɓa kama shi da lalaci ba. Sunan Ya-Kamata daga zaman hira ya samo shi. Allah ya ba shi idon ganin abin da ya rage a kowane wuri. "Ya kamata a ce Hausawan garin nan muna da ƙungiya." "Ya kamata a ce wani ya koya wa masu ɗinkin nan cewa matanmu ba girman 'yan matansu ba ne." "Ya kamata a ce an nemo mai kawo mana daddawa." Abin haushin, kusan kullum gaskiya yake faɗa. Sai dai in ya faɗa, sai ya kurɓi shayinsa ya gyara zama, kamar wanda ya sauke nauyi.

Inda ake zaman hirar kuwa, shagon shayin Iftikhar ne, wani dattijon Pakistan mutumin Lahore, a gindin wani tsohon bene mai hawa takwas da ba shi da na'urar hawa, cikin lungunan bayan Tianxiu. Iftikhar mutum ne mai jiki, gashin bakinsa ya sha lalle, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da yi masa tawaye. Ya jera tukunyar shayi da kaskon gurasa da akwatin talabijin yadda hannunsa zai kai ga kowanne ba tare da ya bar kujerarsa ba. Da Turancin kasuwa yake magana da Hausawa, ana cike giɓi da Larabcin masallaci. Hausarsa kalma uku ce: sannu, madalla, da ya kamata.

Daminar 2008 ta zo da zafi mai ɗanɗano irin na kudancin Sin, ta kuma zo da gasar Olamfik da za a buɗe a Beijing. An tsaurara biza, baƙi sun ragu, da yawa daga mazauna sun tafi gida sai an gama. Kowa yana yawo da fasfonsa a aljihun gaba. Kasuwa ta yi sanyi, saboda haka zaman shagon Iftikhar ya ƙara tsawo.

Cikin wannan hali, ranar Juma'a ɗaya ga Agusta, Zeinabou matar Tankari ta haifi 'ya mace. Tankari ɗan Dogon Dutsi ne a Nijar, ɗalibi mai karatun injiniya a wata jami'ar birnin, saurayi mai sanyin hali da kunya. Shi da amaryarsa suna haya a hawa na bakwai na benen da shagon shayin yake gindinsa. Haihuwar fari ce, ga uwa tana nesa, ga miji bai san komai ba sai littafi. Hajiya Ramlatu, wata 'yar kasuwar Fagge da ta zo sarin mayafai, ita ta ɗage tafiyarta ta tare a ɗakin ta zama uwa.

Ranar Asabar da hantsi maza suka taru a shagon ana yi wa Tankari barka. Malam Salihu, wanda yake ja musu sallah in sun taru, ya tambaye shi yadda za a yi da suna.

"Bon, Malam, yadda kowa ka yi," in ji Tankari da harshensa na Arewa. "In kira yayana shi yanka rago can gida, mu nan a yi addu'a a raba dabino."

Haka aka saba. Duk wanda aka yi wa haihuwa a Guangzhou, a gida ake yanka masa. Kowa ya gyaɗa kai. Sai ga Hajiya Ramlatu ta sauko neman ruwan zafi, ta ji ƙarshen maganar.

"Ku dai maza ba ku da dama," ta ce tana ajiye fulas. "Yarinya tana can sama tun jiya tana share hawaye da gefen zane. Ta ce 'yar farinta za a raɗa wa suna, ba ta ji ƙaurin suya ba, ba ta ɗanɗana hantar ragon ba, mutanen da ba su ma ga jaririyar ba su za su cinye. Ku kuna nan kuna lissafin dabino kamar buɗa-baki."

Sha'aban ya juya cokali a kofi, ya ji maganar tana tasowa daga inda ta saba tasowa.

"Gaskiyar Hajiya ce," ya ce. "Ai ya kamata a ce a nan aka yanka ragon nan. Garin da ake ƙera komai, daga allura har jirgi, a ce an rasa rago ɗaya?"

Iftikhar bai ji sauran ba, amma ya ji kalmarsa. Ya tambayi Malam Salihu me aka ce ya kamata yau. Da aka fassara masa sai ya yi dariya har cikinsa yana rawa, ya nuna Sha'aban da ludayin shayi.

"Jo bole, so kundi khole!"

"Zagina yake yi?" in ji Sha'aban.

"Ba zagi ba ne, ɗan'uwa, karin maganarmu ce ta Urdu," Iftikhar ya ce. "Wanda ya yi magana, shi zai zare sakata. Ka ga a gidanmu a Lahore mu takwas muke kwana ɗaki ɗaya. Lokacin sanyi kowa ya dunƙule cikin bargo, sai a ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa ya ji, amma kowa ya yi kamar ya mutu. Can sai wani mai sakin baki ya ce, ana ƙwanƙwasa fa. Shi ke nan, sai mu bakwai mu haɗa baki mu ce masa jo bole so kundi khole. Shi zai taka ƙasa mai sanyi."

"To wannan ai zalunci ne," Sha'aban ya ce. "Mutum ya taimaka da tunatarwa, sai a mayar masa da ita hukunci?"

"Mu ma da haka muka ɗauke ta muna yara, abin tsokana. Amma kakata ta ce mana mu lura. Wanda ya yi maganar, shi ne wanda abin ya dama. Sauran da za su iya barin baƙo ya kwana a waje. To wa ya fi dacewa ya buɗe, in ba wanda ya damu ba?"

Ya zaro katin shagonsa ya juya bayansa, ya rubuta karin maganar da rubutunsu mai kama da ajami, ya miƙa wa Sha'aban da hannu biyu irin na Sinawa. Ana ta dariya. Sha'aban ya cusa katin cikin fasfonsa yana shirin mayar da raha, sai ya ji an kama hannunsa. Tankari ne, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya Sha'aban, Allah shi saka maka da alheri. Wanga abu da ka ɗauka, ban san mi zan ce ba."

Kafin Sha'aban ya haɗa kalmomin da zai ce shi fa shawara ya bayar, Tankari ya riga ya kira Dogon Dutsi ya ce kada a sayi rago, an samu a nan. Hajiya Ramlatu kuma ta ɗauki fulas ta haye bene tana ƙwala wa mai jego albishir tun daga hawa na biyu.

Magana zarar bunu. Yanzu in Juma'a ta zo babu rago a Guangzhou, to babu shi ko a Dogon Dutsi, kuma kowa ya san bakin wa ya jawo.

Ranar Lahadi ya fita da ƙarfin gwiwa. Ya san inda ake sayar da maɓalli, ya san inda ake sayar da zip kala ɗari, amma ya gane cewa shekara huɗu a garin bai taɓa ganin dabba mai ƙafa huɗu tana tafiya ba in ba kare ba. Ya shiga kasuwannin cefane ɗaya bayan ɗaya. Nama akwai, a daskare, an yanka tun wane zamani. Ya zana rago a bayan takardar kaya, mai kifi ta ce meyo. Ya ɗora hannuwa a ka ya murɗe su kamar ƙaho, mai kaji ta ce meyo. A kasuwa ta huɗu ya rufe ido ya yi kukan rago, irin na gaske wanda ya koya a kara, har wata tsohuwa ta saki kabejinta. Mata suka taru suna tafi, ɗaya ta roƙe shi ya sake. Amma amsar dai meyo.

Litinin wani direban tasi ya ce ya gane, ya kai shi can gefen gari ya nuna masa baƙaƙen awaki cikin keji. Sha'aban ya daɗe yana kallon wani bunsuru, bunsurun ma yana kallonsa. Ya san akuya ta halatta. Amma ya tuna bakin Hajiya Ramlatu, ya ga kansa ana ba da labarinsa a Fagge shekara ashirin masu zuwa. Ya ce wa direban su koma.

Talata ya yi ta kiran duk lauban ɗin da ya sani. Mai atamfa ya yi zaton sabon zane yake so mai hoton rago, ya ce a turo samfuri. Da yamma ya bi ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban shagon shayi, amma Iftikhar ya hango shi ta taga ya ɗaga hannu yana kwaikwayon zare sakata.

Laraba da azahar, ƙafafunsa sun yi tsami, ya faɗa shagon taliyar Lao Ma, wani Musulmin Sin mai farar hula daga arewa maso yammacin ƙasar. Nan yake cin abinci tun zuwansa garin. Aka ajiye masa kwano, ya tsinci yankan nama ya kai baki, sai ya tsaya da tauna. Naman rago ne, sabo, bai ga ƙanƙara ba. Shekara huɗu yana cin sa, bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba.

Ya miƙe da kwanon a hannu ya shiga har madafa. Ya nuna naman, ya yi ƙaho, ya rungume hannuwa yana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri, ya ɗaga yatsu bakwai, sannan ya ja yatsa a wuya ya ce Bismillahi. Lao Ma ya ajiye taliyar da yake ja, fuskarsa ta washe. Su ma suna yanka ragon suna. Da guntun Larabci da zane a kan takarda aka fahimci juna: surukinsa yana da garke a wani ƙauye bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi. Motar shagon tana zuwa ɗauko nama sau biyu a mako, Talata da Juma'a, ta tashi bayan asuba, ta baro can ƙarfe takwas daidai don naman ya riski abincin rana. In yana so ya bi ta jibi.

Aka tsara komai ranar Alhamis. Maza za su taru a ɗakin Tankari da safe. Sha'aban zai kira daga garke, Malam Salihu ya faɗa masa sunan, ya yanka suna ji, sannan a raɗa a shafa Fatiha.

"To ka faɗa mini sunan tun yanzu mana, in riƙe," Sha'aban ya ce wa Tankari.

Tankari ya sunkuyar da kai yana murza gefen riga. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa zai sa mata. Kunya biyu ta haɗu, ko da wuƙa a wuya ba zai furta ba.

"Haba Sha'aban, kai ma ka san ba a haka," in ji Malam Salihu. "Gobe zai sanar da ni a kunne, ni kuma in sanar da kai. Me ye amfanin wayar?"

Juma'a takwas ga wata na takwas, ranar buɗe gasar Olamfik da duk ƙasar ta ɗau shekaru tana jira, Sha'aban ya zauna a gaban ƙaramar motar nama, wuƙarsa naɗe a jarida. Tutoci ja ko'ina, har a kan kekunan masu shara. Suka bar benaye suka shiga gonakin ayaba. Tun kafin motar ta tsaya warin ya tarbe shi ta taga. Ya jira ransa ya ɓaci kamar da. Sai ya ji kawai yana tuna muryar mahaifinsa.

Surukin Lao Ma, wani siriri mai ɗan gemu, ya riga ya ware masa wani ɗan rago mai ƙiba, ya ɗora a sikeli yana nuna masa nauyin da alfahari. Sha'aban ya durƙusa ya ɗaga leɓen dabbar. Haƙoran nono ne reras, ko ɗaya bai faɗi ba.

"Wannan ai yaro ne, lauban," ya ce da Hausa yana girgiza kai. "Jariri ba ya yi wa jariri suna."

Mutumin ya sake nuna sikeli. Sha'aban ya nuna haƙoransa. Mutumin ya nuna sikeli da ƙarfi. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, Sha'aban ya naɗe hannun riga ya tsallake shinge ya shiga garken da kansa. Hannuwansa suka tuna abin da shi ya manta. Ya shafa gadon bayan wannan, ya duba idon wancan, ya ture wani mai karyayyen ƙaho, ya ƙyale wani mai ɗingishi. Can a kusurwa ya hango shi: fari tas, ƙaho ya murɗa sau ɗaya da rabi, yana tsaye kamar mai garin. Ya lallaɓa ya cafki ƙafar baya, ya juya shi, ya buɗe baki. Manyan haƙora biyu a gaba. Madalla.

Ragon bai yarda da wannan binciken ba. Yana samun ƙasa ya ja da baya ya kai masa karo a cinya. Sha'aban ya yi taga-taga ya dafe kwamin ruwa, wayarsa ta zame daga aljihun riga ta faɗa ciki, tsulum.

Ya tsamo ta ya girgiza, ya cire batir ya hura, ya goge da hula. Fuskarta ta yi fari sau ɗaya ta mutu. Lambar Tankari tana ciki, ta Malam Salihu tana ciki, ta Hajiya tana ciki. Shi kuwa ko lambar Lami bai haddace ba. Direba ya nuna agogo: takwas saura kwata.

Mai garke ya miƙo masa igiya yana nuna ya yanka kawai, Allah ai ya san yarinyar. Sha'aban ma ya san haka. Zai iya niyya da 'yar Tankari, yanka ya yi. Amma can a hawa na bakwai mutane suna zaune sun zuba wa waya ido, ba za su raɗa suna ba sai sun ji shi. In shiru ya yi yawa za su ɗauka Ya-Kamata ya yi abin da ya saba. Zeinabou kuma da aka ce za ta ji da kunnenta, sai ta ji shiru.

Ya shiga lalube aljihu ko wata takarda za ta fito da lamba. Ba komai sai fasfo. Ya buɗe shi, katin Iftikhar ya faɗo, rubutun Urdu a sama. Ya juya shi. Lambar waya.

Da wayar mai garke ya kira. Ta yi ƙara sau biyar.

"Iftikhar! Sha'aban ne. Wayata ta mutu, rago yana hannuna, ba ni da suna. Kana da lambar Malam Salihu?"

"Ni ba na ajiye lambar kowa. Mai son shayi ya san hanya."

"Akwai kowa a shagon?"

"Duk sun hau sama tun ɗazu. Ni sai an sauko da nama zan yi barka. Gaskiya wannan matsala ce. Dole wani ya hau ya gaya musu."

Sha'aban ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga cinyar da ke zogi har ka. Ya gyara murya, ya karanto a hankali, yadda ya ji an faɗa:

"Jo bole, so kundi khole."

Sai ga wata doguwar magana da Urdu wadda ba ta yi kama da addu'a ba. Sannan ƙarar kujera, kujerar da ba a taɓa jin ta matsa ba.

Duk hawan a kunnen Sha'aban aka yi shi. A hawa na biyu Iftikhar yana ambaton Allah. A na huɗu yana ambaton kakarsa. A na biyar ya tsaya ya ce a gaya wa 'ya'yansa yana ƙaunarsu. Direba ya tada mota, Sha'aban ya ɗaga masa yatsu biyu yana roƙo, mai garke kuma ya je ya tsaya a gaban motar ya harɗe hannu, don shi ma yanzu yana son ganin ƙarshen abin. A hawa na bakwai sai numfashi kawai, sai bugun ƙofa.

Ta cikin wayar Sha'aban ya ji muryar wani daga ciki yana cewa, "Kamar ana ƙwanƙwasa." Ya ji ɗakin ya fashe da dariya, ana cewa to tashi mana, kai ka faɗa. Aka zare sakata.

"Sha'aban, kana ji na?" Muryar Malam Salihu ce. "Mun fara cewa ko ragon ne ya yanka ka."

"Saura kaɗan, Malam. Ba ni suna."

"Halimatu Sadiya."

Mai garke ya riƙe ƙafafu, direba ya fito ya riƙe waya kusa. Sha'aban ya fuskantar da ragon alƙibla, wadda a nan yamma take, ya yi niyya da sunan Halimatu Sadiya 'yar Tankari, ya ce Bismillahi Allahu Akbar da ƙarfin da za a ji a Xiaobei ko babu waya. Daga can ya ji Malam yana sanarwa, ya ji amin ta tashi, sannan guɗar Hajiya Ramlatu ta cika wayar har direban ya janye ta daga kunnensa.

Fiɗar da ya yi a minti goma sha biyu, mai garke ya tsaya yana kallo, daga ƙarshe ya ɗaga masa babban yatsa ya ce shi ne lauban.

Bayan an sauko daga Juma'a benen nan gaba ɗaya ya ɗauki ƙaurin suya. Hajiya ta gasa hantar ta barbaɗa yajin da ta zo da shi daga Kano, ta kai wa mai jego da hannunta. Ta fito ta ce Zeinabou ta cinye tas tana kuka tana dariya, ta kuma ce a gaya wa Yaya Sha'aban ya zama kawun Jumai, don haka za a riƙa kiran yarinyar tunda ranar Juma'a ta zo. Wata tsohuwar Basiniya da ke hawa na shida ta leƙo, a zatonta bikin buɗe gasa baƙi suke yi tun da rana. Aka nuna mata jaririya aka ba ta soyayyen nama. Ba a jima ba ta dawo da dafaffen ƙwai guda shida da aka rina ja, irin nasu na barka. Iftikhar kuwa ya ƙi sauka. Ya ce tunda ya hau, sai ya ci rabonsa da na gwiwoyinsa.

Da Babbar Sallah ta zo a watan Disamba, mutum goma sha ɗaya suka bi Sha'aban zuwa garken nan a motoci biyu. Tun daga lokacin duk wanda aka yi wa haihuwa, ko ɗan Kano ne ko ɗan Damagaram ko ɗan Kumasi, hawa na tara yake nufa. Bai bar aikin jagora ba, bai kuma bar turare ba, sai dai ya daina ɓoye cewa shi ɗan dillalin tumaki ne. Lambobi uku ya haddace: ta Lami, ta mai garke, da ta Iftikhar.

Karin maganar ta zauna a shagon shayi, amma ba kowa ta gyara ba. Wasu shiru kawai ta koya musu. A bazarar da ta biyo fankar shagon ta tsaya cak. Kwana uku manyan mutane suna zaune gumi yana ɗiga daga gemu, kowa yana fifita da katin kasuwanci, ba wanda ya yarda ya ce ana zafi. Malam Salihu har cewa ya yi iskar yau da daɗi.

A rana ta huɗu Sha'aban ya shigo daga Shahe, ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi fankar. Kowa ya zuba masa ido. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin.

"Ya kamata," ya ce, yana jan kujerarsa zuwa ƙarƙashin fankar, "wani ya riƙe mini ƙafar kujerar nan."

Ba wanda ya motsa. Iftikhar ya sa hannu a aljihu ya zaro sukundireban da ya kwana uku a ciki, ya miƙa masa da hannu biyu. Sannan ya yi nishi, ya dafa gwiwa, ya tashi ya riƙe kujerar.